Malam Nouhou da Shekarun Sarauniya

Akwai wani dattijo a unguwar Minguettes, can gefen birnin Lyon, ana ce masa Malam Nouhou. Mutumin wajen Maraɗi ne. Ya shigo Faransa da ƙuruciyarsa, ya ƙarar da ƙarfinsa a wata masana'anta a Saint-Fons har ya yi ritaya. Mutumin kirki ne, ba zan rage masa ba. Amma in ya yi fushi, ko Liman ya zo da kansa sai ya koma da haƙurinsa.

Malam Nouhou bai san ranar da aka haife shi ba. Takardarsa cewa ta yi "né vers 1952", wato wajajen wannan shekara, shi ke nan. Kun san mutanenmu na da, ba da kalanda suke riƙe haihuwa ba, da abin da ya faru suke riƙe ta. Wani shekarar fara ce tasa, wani shekarar da aka haƙa rijiyar gari. Shi kuwa tasa ta faɗo kan Sarauniyar Ingila.

Yayarsa Balkisa ce mai ba da labarin, don ita ta riƙe shi yana jariri. Ta ce ana gobe suna babansu, wanda falke ne, ya dawo daga Kano ya ce can ba a zancen komai sai na Sarkin Ingila da ya mutu aka ɗora 'yarsa. Matan gida suka yi ta dariya, wai mace a kan sarauta, ai ba za ta kai damina ba.

Tun daga nan shekarun Nouhou suka zama shekarun sarautar. In aka tambaye shi shekarunsa nawa, sai ya ce, "Ku tambayi Ingila, su ke lissafa mini." Kuma har cikin ransa ya ɗauka cewa muddin tsohuwar nan na kan aiki, shi ma bai tsufa ba, akwai sauran lokaci.

To, Balkisa na da ɗa, Ilyes. Malam Nouhou ne ya tarbe shi da ya zo karatu Lyon, ya ci a gidansa, ya kwana a falonsa, kafin ya samu aiki ya koma Stains, a gefen Paris. Da mijin Balkisa ya rasu, Ilyes ya yi takardu ya ɗauko uwarsa ya kawo ta wurinsa. Bai shawarci kawunsa ba. A ƙofar masallaci Malam Nouhou ya ji, wani ya tare shi yana yi masa barka da zuwan yayarsa.

Ranar ko tuwo bai ci ba. Ya ce wa matarsa Hajiya Fadimatou, "Ni ne kawu. A bakin mutane zan ji yayata ta shigo ƙasar da nike? Wallahi ba ni taka gidan yaron nan sai ya zo nan ya durƙusa gabana."

Ilyes ya kira ya ba da haƙuri. Malam ya ce haƙurin waya ba haƙuri ba ne, ya toshe lambar, ya hana Hajiya ma ɗauka. Ilyes kuwa, jini ɗaya ne, shi ma ya ɗaure fuska ya ƙi zuwa.

Ku duba fa, tsakanin Lyon da Paris awa biyu ne a jirgin ƙasa. Da can da Balkisa ke Maraɗi yana da hujjar nisa. Yanzu ga ta a bayan ɗaki, kuma shekara shida bai ga idonta ba.

Ita ba ta shiga rigimar ba. Da wayarta take kiransa, kuma ba ta kira sai ta ga Sarauniya a tele.

"Nouhou, ga ta nan, ta sa hula kore. Ta sunkuya fa sosai. Kai ma ka sunkuya?"

"Haba Yaya, ni ina nan miƙe."

"To zo in gani."

Sai ya yi dariya ya ce in sha Allahu bayan Sallah. Sallah ta zo ta wuce, ya ce in sanyi ya fita.

Kada ku ce ba ya kewarta. Yana yi, kewa mai cin rai. Ita kaɗai ta rage a duniya mai kiransa Autan Inna, ita kaɗai ta san muryar uwarsu. In ta ajiye waya sai ya daɗe tsaye a tagar benensu yana kallon motoci. Wani lokaci ya hau tram da metro har tashar Part-Dieu, ya tsaya yana karanta allon jiragen Paris, sannan ya sayi burodi ya koma gida.

Da aka yi bikin cikar Sarauniya shekara saba'in a kan sarauta, Balkisa ta kira tun da hantsi.

"Barka, Autan Inna. Ka cika saba'in, duniya duk ta shaida."

Suka yi ta raha. Da za ta ajiye sai muryarta ta yi ƙasa. "Ita kam an taru an gaishe ta, Nouhou. Ni mutum guda nika jira."

Ya ce bayan Babbar Sallah.

Cikin damina wani abokinsa ya tare shi bayan Juma'a ya ce Ilyes ya ba shi saƙo. Malam ya ɗaga hannu. "In maganar Ilyes ce, riƙe abinka." Ya wuce abinsa.

Sai ga watan Satumba, wata Alhamis da magariba, tele ta ce Sarauniya ta rasu. Malam Nouhou ya zura wa tele ido. Ba danginsa ba ce, ko Ingila bai taɓa zuwa ba, amma ji ya yi kamar an cire katangar da yake jingina. Ya ajiye waya kusa da shi, don ya san yau Yaya za ta kira ta tsokane shi.

Ba ta kira ba. Washegari ma shiru. Ya ɗauki wayar ya ajiye ya fi a ƙirga, amma bai danna ba, wai kada Ilyes ya ɗauka.

Kwanaki suka tafi, tele ba ta nuna komai sai layin mutane a Landan, tsofaffi da sanduna, mata da yara, suna tsaye a bakin kogi don su wuce ta gaban akwatin gawa. Malam ya yi tsaki.

"Dubi wauta. Sun yini a tsaye don wadda ba ta san sun zo ba."

Hajiya Fadimatou tana tsince shinkafa, ko kai ba ta ɗaga ba. Ta ce, "Su dai sun je, Malam."

Da sassafe ya hau jirgin Paris.

Ilyes ne ya buɗe ƙofa. Ya rame. Ya durƙusa har ƙasa, abin da aka yi shekara shida ana jira, amma Malam ko kallonsa bai yi ba.

"Ina Yaya?"

"Tana ciki, Kawu. Tun watan Agusta ta faɗi, AVC ne, jini ya hau mata kai. Na kira, na aika. Jikin ya ɗan dawo, amma kan ne, Kawu. Sai haƙuri."

Tana zaune a kujera kusa da taga, an lulluɓe mata ƙafafu. Ta ƙanƙance, hannu ɗaya a kwance kan cinya. Da ta ga dattijo mai farin gemu a bakin ƙofa sai fuskarta ta washe, ta yunƙura za ta durƙusa.

"Baba! Sannu da zuwa, Baba."

Ya riƙe ta. "Yaya, ni ne. Nouhou ne."

Ta yi murmushi irin na wadda ake wa wasa. "Nouhou shina Lyon. Fushi shika yi." Ta kama bakin rigarsa da hannun da ke motsi. "Baba, kai shina jin maganarka. Ka ce mishi ba nisa. Ka ce mishi ya zo in gane shi."

Malam Nouhou ya zauna a ƙasa gaban kujerar, ya kifa kai a gwiwarta, ya yi kuka irin wanda bai yi ba tun yana yaro. Ita kuma tana shafa masa hula tana ba shi haƙuri, ba ta san me ya sa Baba kuka ba.

Yanzu duk mako yana hanyar Paris. Ya ba ta abinci a baki, ya gyara mata lulluɓi, su yi hira. Kuma duk zuwa, kafin ya tashi, sai ta tambaye shi ko ya ga Nouhou.

Sai ya ce, "Shina hanya, Balkisa."

Darasi: Wadda ta yi shekara saba'in a kan sarauta ma ranarta ta zo, balle tsohuwar da ke jiranka a bakin taga. Kada ka jira a zo a durƙusa maka kafin ka je ka ga naka. Kana iya zuwa ka tarar da mutum da rai, amma wanda yake jiranka ya riga ya tafi. In akwai wanda kake cewa sai bayan Sallah, tashi ka je yau. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman wanda kuka san ya toshe lambar wani nasa.