Hoton Da Aka Zaga Kafin A Gama Shi

Akwai wani mai zane da ake kira Mai Buroshi. Shagonsa ɗan mitsitsi ne a ƙarƙashin bene, tsakanin mai aski da mai gyaran waya. Ka kawo masa hoto, ya mayar maka da shi zanen fentin mai a kan ƙyalle. Ba wanda ya koya masa. Da rubutun allon shaguna ya fara, har hannunsa ya faɗa.

Wata rana wani ɗan kwangila ya kawo hoton mahaifinsa marigayi, duk ya koɗe, ruwa ya ci gefensa. Ya ce tsohuwarsu zai yi wa kyauta.

To shi fentin mai ba a fara shi da kyau. Sai an shimfiɗa launin ruwan ƙasa, an fitar da inuwa, an bari ya sha iska, sannan a ɗora launin fata sannu a hankali. Ana cikin wannan matakin ɗan kwangila ya faɗo shagon, ko sallama babu.

"Mene ne wannan? Ubana ka mayar dodo?"

"Ranka ya daɗe, tushe ne. Kai ma ai ba ka nuna gini kafin filasta."

"Ni za ka koya wa gini?"

Ya ɗauki hoton zanen a waya, ya watsa a zauren sada zumunta na 'yan unguwa da zagi, ya fizge hoton ubansa ya fita. Mutanenmu kuwa, kun san su, ba su tambayi ba'asi ba. Waɗanda suka ba Mai Buroshi aiki suka dinga zuwa suna karɓe hotunansu. Shago ya yi tsit.

Matar Mai Buroshi ta ce, "Baban yara, ka wanke ƙyallen nan ka koma rubutun allo, mu huta."

Ya ce, "In na bar shi a haka, to gaskiya mutumin ya faɗa."

Akwai kwafin hoton a wayarsa. Ya ci gaba, yana shafawa yana jira, mai aski na leƙowa yana cewa, "Ya jikin dodo?"

Ana nan sai ga wata tsohuwa da sanda, 'yarta na riƙe da ita. Matar marigayin ce, sai yanzu aka nuna mata abin da ɗanta ya watsa.

"Ina mara kunyar da ya wulaƙanta min miji?"

A lokacin kuwa Mai Buroshi ya gama aikin. Ya juyo da zanen.

Tsohuwa ta saki sanda. Ta daɗe tana kallo.

"Ji girar nan... haka yake ɗage ta in zai yi faɗa, alhali dariya yake ɓoyewa."

Ta share ido, ta ce wa 'yarta, "Kira min yayanki. Yanzu."

Da ya iso, ya ga zanen. Ya miƙa hannu zai karɓa, ta buge hannun.

"Da wayar da ka zage shi, da ita za ka wanke shi. Tsaya nan kusa da ubanka ka ba da haƙuri, ina ji."

Haka ƙato da babbar riga ya tsaya yana in-ina, mai aski na ɗaukar bidiyo da wayar tasa. Bidiyon na shiga zauren unguwa, waɗanda suka karɓe hotunansu suka fara dawowa da su, kowa na sunkuyar da kai.

Darasi: Kada ka yanke wa aikin mutum hukunci alhali hannunsa na ciki. Kai kuma da aka zaga, kada ka tsaya cacar baki, gama aikinka. Ku tura wa masu saurin yatsa, sun san kansu.