Lissafin Zabuwa

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata rana Zabuwa ta fita kiwo da 'ya'yanta goma sha biyu. Shirwa ta kawo sura, 'ya'yan suka watse. Biyar suka ɓuya a gindin kalgo, shida a gindin sabara. Zabuwa ta kira Kunkuru, gwanin lissafi da ka.

Kunkuru ya ce, "Biyar da shida, goma sha ɗaya."

Ta ce, "Malam, ta baya ka fara. Fara da na sabara."

"Shida da biyar, goma sha ɗaya."

Sai ta kasa su uku: huɗu, huɗu, uku. Ta ce, "Yanzu fa?"

"Huɗu sau biyu takwas, a ƙara uku, goma sha ɗaya. Baiwar Allah, duk yadda kika jera su, haka za su tashi. Sai haƙuri."

Ta ce, "Kai dai ba ka iya ba!"

Shi ya sa har yau kuke jin kukan zabuwa da yamma. Sake jera su take yi, ko lissafin zai dawo mata da autanta.

Ƙurungus kan kusu, nan ta ƙare.