Sakatar Birkin da Aka Yi wa Walda

Akwai wani bakanike a unguwar Highfield ta birnin Harare mai suna Tizirai. Yara da manya Sekuru Tizirai suke ce masa, Sekuru kuwa kaka ko kawu ke nan a yarensu. Ya haura shekara talatin a kan sana’a ɗaya, wato gyaran birkin tirelolin da ake ɗora jiragen ruwa a kai a ja su zuwa tafkin Kariba. Ba ya taɓa inji, ba ya yin fenti. Birki kaɗai ya sani, amma fa ya san shi ciki da waje.

Ɗansa namiji guda ne, Rungano, magidanci mai mata da ’ya’ya biyu. Tuƙi yake yi wa wani attajiri mai suna Chakanetsa. Shi kuwa wannan attajiri ba bare ba ne, ɗan Sarudzai ne, ƙanwar Tizirai uwa ɗaya uba ɗaya. A gidan Tizirai ya tashi bayan rasuwar mahaifinsa, kwano ɗaya suka ci sadza, wato tuwon masara, shi da Rungano. Daga baya harkar siminti ta karɓe shi. Kuɗi suna shigowa, kunnensa yana toshewa.

A watan Oktoba na wata shekara, Chakanetsa ya sayo wani ƙaton jirgi mai inji biyu don shiga gasar kamun kifin tsage a Kariba. Jirgin da tirelarsa sun fi motar da za ta ja su nauyi. Ya aika a kira kawunsa ya haɗa birki.

Kwana uku Tizirai ya yi a ƙarƙashin tirelar nan. Ya sake duk abin da tsatsa ta ci, ya cusa giris, ya zuba sabon man birki, ya fitar da iska har sai da man ya fito sumul babu kumfa.

Birkin irin wannan tirela ba ƙafa ke taka shi ba. In mota ta rage gudu, nauyin jirgi sai ya turo gaba, wuyan tirelar ya shige ciki, shi ne ke danna birkin. Matsalarsa ɗaya ce. In kana ribas ka hau tudu, motar ce ke tura wuyan, birki kuma bai san bambanci ba, sai ya kama. Shi ya sa ake yin wata ’yar sakatar ƙarfe. Za ka yi baya, ka zura ta, birki ya kwanta. Ka gama, ka zare ta, birki ya farka.

Ran Asabar da rana Chakanetsa ya tara abokai gashin nama don su ga jirgi. Rumfar ajiye jirgin tana saman wani ɗan tudu a cikin gidan. Maimakon ya bar Rungano ya shigar, sai gogan naku ya karɓi makulli da kansa, wai a ga gwaninta.

“Chakanetsa, dakata in zura sakatar!” in ji Tizirai daga nesa, yana ɗingisawa.

Ko kallonsa bai yi ba. Ya sa ribas, ya taka mai. Tayoyin tirela suka cije, suka yi ƙara, roba ta fara ƙauri. Ya ƙara wuta, jirgi ya ce bai san zancen ba. Mota ta mutu.

Baƙi suka kwashe da dariya. Wani mai ƙaton tumbi, riƙe da ƙashin haƙarƙari, ya ce, “Kai Chaka, wannan jirgi ne ka saya ko jaki?”

Chakanetsa ya fito fuska a murtuke. A al’adar mutanen nan, ɗan ƙanwa yana da damar tsokanar kawunsa, a yi dariya a wuce. Abin da ya fito daga bakinsa ranar nan ba tsokana ba ce.

“Sekuru, zo nan. Kwana uku kana cin abincina, ashe ɓarna kake yi min?”

“Ba ɓarna ba ce, ɗana. Birkin ne ya nuna maka yana da rai. Da ka bari na zura sakatar…”

“Ku ji min tsoho! Mota ta ƙi tafiya, wai lafiya ce. To in ka ga gawa ma ai sai ka ce barci take yi.” Aka sake dariya. Ya nuna sakatar da ƙafa. “Zura ta, ka ɗauko injin walda ka liƙe min ita. Ba ni da lokacin sa-ka-cire.”

Tizirai ya dube shi. “In liƙe ta? Kenan babu birki har abada. Ka manta gangaren Makuti? Wannan jirgi zai tura motarka kamar yadda sa ke tura ɗan maraƙi.”

“Motata sabuwa ce, birkinta ya ishe mu.”

“Da hannuna dai ba zan kashe birki ba.”

“To kwashe tsummokaranka ka fita.”

Ya juya wajen maigadi ya ce daga yau in ya sake ganin ƙeyar tsohon nan a cikin gida, shi ma a bakin aikinsa. Ya ɗauki wani guntun nama da ya ƙone ya jefa cikin akwatin kayan aikin Tizirai, ya ce ladansa kenan. Rungano yana tsaye a jikin mota, kansa a ƙasa.

Ran Litinin aka samo wani mai walda a bakin titi, ya liƙe sakatar ram. An sa tafiya ran Alhamis, kuma Rungano ne zai ja.

Tun da labarin ya iske Tizirai abinci ya daina wuce masa. Ya san hanyar nan. Daga garin Makuti har bakin tafki gangara ce da kwana-kwana, ga rami a gefe, ga zafin Oktoba da ke dafa birkin mota ko da ba ta jan komai. Sau huɗu a rayuwarsa ana kiransa ya kwance tirela daga jikin motar da ta niƙe.

Ya fara zuwa wajen ƙanwarsa. Ya tarar da ita tana yankan ganye a tsakar gidan da ɗanta ya gina mata. Ya zayyana mata komai.

“Yaya, kai ma ka cika taurin kai,” in ji Sarudzai. “Yaro da kuɗinsa da jirginsa, ya ce ga yadda yake so, sai ka tsaya musu da shi gaban baƙi? Ka bar min ɗa ya sarara.”

“Mutuwa nake faɗa miki, Sarudzai.”

“Bakinka ya sari ɗanyen kashi! Tashi ka tafi, in ka huce ka dawo.”

Ya koma gida ya tare Rungano.

“Kada ka ja tirelar nan.”

“Baba, a hankali zan bi. Giya ta biyu zan sa tun daga sama.”

“Giya mota take riƙewa, ba ta riƙe abin da ke bayanta.”

“To in ƙi, in ci me? In ciyar da jikokinka da me? Kai ka tsufa, kana da damar yin zuciya. Ni ba ni da ita.”

Ran Laraba da safe Tizirai ya yi abin da bai taɓa zaton zai yi ba. Ya je ƙofar gidan Chakanetsa ya jira. Da aka buɗe get motar ta fito, sai ya durƙusa a tsakiyar hanya, gwiwa biyu a ƙasa, yana tafa hannu a hankali irin tafin da ake yi wa manya. Tsoho mai furfura, gaban yaron da ya koya wa ɗaura igiyar takalmi.

Gilas ya sauka. “Sekuru, bara ka koma?”

“Awa ɗaya nake roƙo. In yanke waldar, in mayar da ita yadda take. Ba na son komai. In ba ka son ganina, kira wani bakaniken ya yi.”

Chakanetsa ya yi murmushi, ya dubi direbansa. “Rungano, gaya wa babanka ya ba mu hanya.”

Rungano ya riƙe sitiyari, bai motsa ba.

“Ba ka ji ba? Da bakinka nake so ka faɗa.”

Rungano ya leƙo. “Baba, don Allah matsa. Kana kunyata ni.”

Tizirai ya dafa ƙasa ya miƙe. Mota ta wuce ta bar shi da ƙura a gwiwa. Wulaƙancin Chakanetsa bai yi masa ciwo kamar kalmar ɗansa ba, amma ko ita bai tsaya jinyarta ba, domin saura kwana ɗaya.

Ran Alhamis da sassafe Rungano ya shiga wanka, ya bar wandonsa a kan kujera. Lasin tuƙi a lokacin ɗan faranti ne na ƙarfe, in ya ɓata sai ka yi wata da watanni kana sintiri kafin a ba ka wani. Tsakanin Harare da Kariba kuwa shingen ’yan sanda ba ya ƙirguwa, babu mai wucewa da irin wannan kaya ba lasin. Tizirai ya zaro shi daga aljihu, ya ɗauko almakashin yankan kwano, ya datsa shi gida shida. Ya jera gutsattsarin a kan tebur, ya zauna yana jira.

Rungano ya fito da tawul a wuya. Ya dubi tebur, ya dubi ubansa.

“Baba… me ka yi?”

“Abin da ka gani.”

“Ka yanke min abinci! Kai aka kora, shi ne ni ma sai ka ja ni ƙasa? Wane irin uba ne kai?” Matarsa ta fito tana kuka tana riƙe shi. Ya fizge. “Daga yau ba ni ba kai. Ko gawarka aka kawo ba zan duba ba.”

Tizirai ya tattara gutsattsarin. Shi a lissafinsa, za a ɗage tafiyar a nemi wani direba, kuma duk direban da ya san aikinsa in ya ga waldar nan zai ce a yanke. Ya manta da wa yake hulɗa.

Chakanetsa ya kori Rungano a waya cikin minti ɗaya. Sannan ya ce shi ba zai jira kowa ba, da kansa zai ja. Abokansa suka yi gaba a wata motar mai sanyi, shi ya biyo baya shi kaɗai da jirginsa. Kafin ya tashi har saƙo ya bar wa maigadi: a gaya wa tsoho zai kawo masa kan kifi.

Da la’asar wani direban babbar mota, tsohon abokin Tizirai, ya kira shi. A bayan Chakanetsa yake tun daga Makuti. Ya ce tun a kwana ta uku ta gangaren ya ga hayaƙi yana fita daga tayoyin motar, fitilar birki a kunne ba ta mutuwa, amma gudu sai ƙaruwa yake. A wata kwana mai kaifi motar ta karya, jirgin bai karya ba. Ya turo ta ta gefe, ya naɗe ta, suka tafi rami tare.

“Sekuru, na sauka na duba,” in ji mutumin. “Kada ka bari uwarsa ta gani.”

Tizirai ya zauna a ƙasa inda yake tsaye, ya yi kuka irin na yara. Ya yi kukan yaron da ya tashi a hannunsa, kuma a can ƙasan zuciyarsa yana godiya ga Allah da ba nasa ba ne. Kunyar wannan godiya ta fi komai cin ransa.

A wajen makoki, kawu ne ya kamata ya zauna a gaba. Tizirai ya shiga ɗakin da mata suke, ya durƙusa gaban ƙanwarsa. Rungano ya biyo shi ya tsaya a bakin ƙofa, idanunsa jawur, ya kasa haɗa ido da kowa.

Sarudzai ta ɗago. Ta daɗe tana kallon Rungano kafin ta dubi yayanta.

“Ka san haka za ta faru.”

“Na faɗa masa. Na faɗa miki. Har durƙusa masa na yi a titi.”

“Ka faɗa,” in ji ta, murya a dushe. “Nawa da baki ka gargaɗe shi. Naka kuwa da almakashi ka cire shi.”

 Ta nuna masa ƙofa.

“Tashi ka fita, Tizirai. Ɗauki ɗanka ku tafi.”

Ya fita. Rungano ya kama masa hannu a kan matakala, suka taka har gida. Sarudzai ta rayu shekara tara bayan wannan, titi biyu ne tsakanin gidanta da nasa, kuma har ta koma ga Allah ba ta sake yi masa magana ba.

Darasi: Kuɗi suna sayen jirgi, ba sa sayen sanin aiki. In wanda ya ƙware ya ce maka tsaya, ka tsaya, ko da a gaban mutane ne, domin kunyar minti biyar ta fi kabari sauƙi. Kuma girman kai ba mai shi kaɗai yake kashewa ba, yana barin zumunci a tarwatse a bayansa. Iyaye, in aka kawo muku gargaɗi a kan ’ya’yanku, ku saurara tun ana iya gyarawa. Ku tura wannan labari ga duk wani mai jan kaya a bayan mota, da duk wanda kuka san ba ya jin magana.