Kurege da Ma'ajiyar Shara

Ga ta nan. Ku zauna, sau ɗaya zan faɗa.

A shekarar yunwa, manyan dawa suka tara gyaɗarsu a sito, suka ɗora na'ura a kan ƙofofi. Na'urar ba babba ba ce, ba ƙarama ba. Umarninta a ma'ajiyu suke. In ka buga umarni, sai ta neme shi ta bin jerin da aka rubuta mata: ma'ajiyar Giwa, ta Ɓauna, ta Damisa. Ba ta leƙa ko'ina bayan nan, sai in ka fara kiran sunan ma'ajiyar.

Kurege Barmo ya san wannan. Kwanansa uku bai ci ba. Ya ɗaura tabarau marar gilashi, ya je sito, ya tarar da Ɓauna a bakin na'urar.

"Sannu, Baba Ɓauna. Ni mai gyara ne daga birni. Ni ne na'ura ke gani ta gaishe ni."

Ɓauna ya ce, "Ba ta lalace ba."

"Za ta lalace."

Ɓauna ya matsa masa. Barmo ya buɗe sabuwar ma'ajiya, ya sa mata suna SHARA don kada kowa ya duba. Ya ajiye umarni ɗaya a ciki, BUƊE, mai ɗaga ƙofar baya. Ya buga SHARA/BUƊE, ya zagaya, ya cika kumatu.

Da gari ya waye, gyaɗa ta ragu. Ɓauna ya karanta jerin sau bakwai. "Ma'ajiyu uku ne, ranka ya daɗe," ya gaya wa Giwa. "Duk namu."

Barmo ya dawo a matsayin mai dubawa, da gemun auduga. Ya duba sosai. Buhu biyu suka bi shi.

Da gari ya waye ya sake zuwa, ya yi ƙiba, hannu duk mai. "Baba, ni ido rufe nake bugawa!" Ya rufe idon. Garin sauri ya tsallake SHARA, ya buga BUƊE kawai.

Na'ura ba ta gardama. Ta bi jeri. Babu a ta Giwa, babu a ta Ɓauna. Ta Damisa tana da nata BUƊE, na ƙofar ɗakin gadi.

Ƙofar ta ɗaga. Damisa tana zaune.

"Malam mai gyara," ta ce, "gemunka ya faɗi."

Ta kwata ya fita, rabin jela a hannunta, ƙeya a kumbure. Sai da ya hau tudu ya juyo.

"Na faɗa muku za ta lalace!"

Shi ke nan. A miƙo min ruwa.