Ranar da Filibus Ya Saki Giwan Ruwa

An yi wani sarki a bakin wani babban gulbi, ana ce da shi Jatau, mai kyauta ne da son talakawa, sai dai Allah ya jarrabe shi da son wasan su, wato kamun kifi na gayya, har in aka ɗauko hirar kifi sai ya manta da masu ƙara a ƙofar fada. A gurbin da ake kullewa sai shekara-shekara, akwai wani giwan ruwa wanda tsofaffi suka ce tun suna yara suke hangen bayansa. Sarki ya ƙwallafa rai a kan kifin nan, har ya rantse gaban jama'a cewa wanda ya fito da shi zai zama Sarkin Ruwa, wanda kuwa ya kama ya sake, zai bar ƙasar shi da iyalinsa. Wazirinsa Ɗalhatu, dattijo masanin shari'a, ya ji rantsuwar, ya sunkuyar da kai.

Ranar su da hantsi aka buga ganga, masunta suka rufta ruwa, kowa da homarsa da goransa. Waziri na tsaye kusa da sarki sai ya ga ruwa ya dare, wani baƙin baya mai tsawon kwalekwale ya taso yana ƙyalli. Bakinsa ya kama tasbihi, makaɗa kuwa suka tsaya da hannu a sama. Kifin ya faɗa homar Filibus, wani Kirista daga unguwar masunta, ya rungume shi ya nufo gaɓa. Nan kusa da shi goran wani masunci mai suna Nomau ya fashe, igiyar homa ta harɗe masa ƙafa, ya yi ƙasa. Kowa ya gani, amma ina! Idon kowa na kan kifi. Filibus ya buɗe hannuwansa, kifin ya kaɗa jela ya ɓace, shi kuma ya nutsa, can ya taso da Nomau a kafaɗa, da sauran numfashi.

Sarki ya koma fada ransa a ɓace, ya ce da Waziri ya yanke hukunci yadda rantsuwa ba za ta faɗi ba. Aka kawo Filibus jikinsa bai ko bushe ba, matarsa na kuka a bakin zaure. Waziri ya tambaye shi ko ya san rantsuwar sarki, ya ce ya sani sarai.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Filibus, "malamanmu suna gaya mana cewa wasu daga cikin almajiran Almasihu masunta ne, ya kira su suka ajiye taru domin su ceto mutane. Tun ina yaro nake jin wannan a majami'a, ban taɓa gane shi ba sai yau da na ga tafin ƙafar Nomau yana nutsewa."

Waziri ya dubi mutumin nan wanda ya riƙe sarauta a ƙirjinsa ya sake ta da gangan, sai ya ji kwarjininsa ya fi na kifin. Ya gurfana gaban sarki ya ce, "Ranka ya daɗe, rantsuwa tana da kaffara, a ciyar da miskinai ta wuce. Amma in ka kori wannan yau, baɗi masunta za su shiga ruwa kowa ya san cewa wanda ya nutse a gefensa ba a taɓa shi, kuma a cikinsu akwai 'ya'yan duk wanda ke zaune a fadar nan, har da naka."

Da sarki ya ji haka sai idonsa ya cika da hawaye. Ya sa aka dafa kifin da aka kama a ranar aka ciyar da miskinan gari, ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa wa Waziri, sannan ya naɗa Filibus Sarkin Ruwa, yana cewa wanda ya san abin da ya fi kifi daraja shi ya cancanci a ba shi amanar gulbi.

Ku sani, ya ku masu karatu, hukuncin sarki ba ya tsayawa kan wanda aka yi wa shi, yana koya wa dukan masu kallo abin da za su yi gobe, don haka mai adalci yakan duba su kafin ya buɗe baki.