Kalmar Mutanen Holan da Injin Markaɗena

Ni Tabawa, wata shida na yi a ajin yaƙi da jahilci, amma har yau harafi da tonon kaza duk ɗaya ne a idona. Injin markaɗen da za a ba waɗanda suka ci jarrabawa ne ya kai ni.

Ranar jarrabawa Sufeto Lawandi, wanda ya yi karatu a Holan, ya rubuta wata kalma mai tsawon igiyar guga.

"Iya, a can ƙasar, lamba da shekaru a haɗe ake rubuta su. Wannan tana nufin mai shekara saba'in da biyu, kamarki. Raba ta gaɓa-gaɓa, ko ki rasa inji."

"Ranka ya daɗe, karanta mini."

Ya karanta da gudu.

"Kunnen ya tsufa, ɗan nan. A hankali."

Ya fusata, ya dinga sara ta guntu-guntu da ƙarfi, ni kuwa ina lanƙwasa yatsu.

"Bakwai," na ce. "Sau bakwai ka tsaya."

"Ai ni na raba miki!"

"To in daidai ne, ba ni injina. In kuskure ne, a gaban matan ajin nan ka faɗi wanda ya yi shi."

Da dangwalen yatsa na karɓi injin.