Asabarin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu sha labari.

Hawainiya dai ba ta da aiki sai leƙen tagar maƙwabciyarta Bushiya. Da Bushiya ta gaji, sai ta rataya asabari.

Hawainiya ta ce, "Haba ƙawata, me kike ɓoyewa?"

Bushiya ta ce, "Ni na bar ɗakin nan. Wanda ke ciki yanzu ba ya son kallo."

Da rana tsaka Hawainiya ta ɗaga asabarin ta leƙa. Ɗaki wayam! Sai wata murya daf da kunnenta ta ce, "Kin gama? To, saura ni in kalle ki."

Ta waiga, babu kowa. Har yau idonta ɗaya na gaba, ɗaya na baya, tana tafiya cikin sanɗa.

Ƙurunƙus, kan kusu ya sha wuta!